Alƙalawa, kufan birnin Gobir

Alƙalawa tsohon babban birnin Gobir ne. Kufansa yana kusa da gulbin Rima, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato a Tarayyar Najeriya. Iyaka ta raba shi da Tsibiri da Gidan Sori da sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji, amma tarihinsu ɗaya ne.

Sarki Babari ne ya kafa shi a tsakiyar ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun yi zaman Birnin Lalle da Birnin Naya. Ƙasar ta Zamfara ce a da. Masu ba da tarihi suna cewa gonar alƙalin Zamfara aka ba baƙin su sauka, daga nan sunan ya fito. Ba a daɗe ba baƙin suka ci Birnin Zamfara da yaƙi.

Birnin ya kai ƙarfinsa zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda Shehu Usman ɗan Fodiyo ya sadu da shi a Magami yana neman a bar shi ya yi wa'azi, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Magadansa ba su bi wannan hanya ba. A 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto, Sarki Yunfa ya sha kashi, sai dai ganuwar Alƙalawa ta hana masu jihadi shiga a wannan shekarar. Sai a watan Oktoba na 1808 rundunar Muhammadu Bello ta karya birnin, Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni.

Mai zuwa da tsammanin ganin soraye zai sha mamaki. Ginin ƙasa ne, kuma damina fiye da 200 ta bi ta kansa. Abin da ya rage shi ne tuddan ganuwa, da gonaki inda unguwanni suke a da, da makabartar sarakuna, wadda ita ce ke jawo Gobirawa ziyara. In babu dattijon gari a gaba, baƙo zai taka fada bai sani ba. Shi ya sa ake fara gaida mai gari, shi ya haɗa mutum da ɗan rakiya.

Lokacin ɗari ya fi dacewa, bayan an kau da amfanin gona, ruwan fadama ya ja. Babbar matsalar ita ce tsaro: yankin Sabon Birni da Isa ya yi shekaru yana fama da ƴan bindiga masu satar mutane, har dubban mazaunansa sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi tun 2019. Mai niyyar tafiya ya riƙe takardunsa, ya tambayi hukuma da mutanen wurin halin da hanya take ciki, ya kuma dawo da rana tsaka.