TA INA AKE FARA TSEREN JIRGIN RUWA?

A farkon shekarar 2020 ne, wani yammaci a garinmu Dalijan ta ƙasar Gwandu, ina zaune a ƙofar gida ina fama da gyaran wani littafina da mai ɗab'i ya dame ni da waya a kansa, sai ga ɗan ƙanena ya taho da gudu har yana tuntuɓe, ya durƙusa ya miƙo mini wayarsa yana haki. Na karɓa na duba, sai na ga wani abu mai kama da jirgin sama da aka yanke wa fiffike yana sheƙa gudu a bisa ruwa, bayansa kuwa wani farin feshi ya tashi sama kamar ƙurar hawan Sallah.

Ya ce, "Baffa, ni fa wannan nake so in koya. Ta ina ake farawa?"

Na yi dariya har da ƙwalla, domin kuwa yaron da ke wannan magana iyakar ruwan da ya sani shi ne tafkin da damina ke bar mana a bayan gari. To amma da dare ya yi na kwanta, sai tambayar ta hana ni barci, saboda sana'armu ta rubutu ta koya mini cewa tambayar da aka yi wa dariya sau da yawa ita ce mai labari a ciki. Wannan shi ne dalilin da ya sa na shiga bincike.

Shi dai wannan jirgi Turawa na kiransa haidurofilen, kuma an ƙera shi ne yadda idan ya ɗauki gudu iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, har ya zamana wurare uku kacal ke taɓa ruwa, wato ƙafafunsa biyu na gaba da kuma farfelar da ke tura shi daga baya. Ita ma farfelar rabinta a waje take, shi ya sa take watsa wancan feshi. Tun 1904 ake gasar Kofin Zinare ta jiragen inji a Amurka, kuma manyan na yanzu injin jirgin sama mai saukar ungulu ake ɗora musu, suna haura kilomita 300 a awa ɗaya. Wanda ya fi kowa gudu a bisa ruwa a tarihin duniya shi ne Ken Warby mutumin Ostireliya, wanda a ranar 8 ga Oktoba 1978 ya yi gudun kilomita 511 a awa, da jirgin katako da ya ƙera da hannunsa a bayan gidansa. Sai dai fa wasan ba na banza ba ne, idan iskar ta yi yawa a ƙarƙashi sai jirgin ya tashi ya wuntsila kamar faifai a cikin guguwa. Haka ya faru da Donald Campbell a tafkin Coniston na Ingila a 1967, kuma mutum biyu da suka nemi karya abin da Warby ya kafa, a 1980 da 1989, duk ruwan ya ci su. Abin da ya fi jan hankalina shi ne su can ba wanda ke farawa da babban jirgi. Yaro ɗan shekara 9 ake sa wa a ɗan ƙaramin jirgi mai ƙaramin inji, ya durƙusa a ciki da hular kwano da rigar ceto, manya na tsaye a kansa.

To mu ina namu? Ashe ƙaiƙayi na kan masheƙiya, abin da nake nema a Amurka yana nan maƙwabtanmu, Argungu, kuma tarihinsa ya girmi na Amurka nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya ji sunan Muhammadu Kanta, wanda wajen 1516 ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya ɓalle ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame wanda har gobe ganuwarsa ta dutse na nan a kwance cikin daji. Abin da ba a cika faɗa mana a makaranta ba shi ne rabin ƙarfin Kanta a ruwa yake. Gulbin Kabi idan ya cika yakan malale fadama mai faɗin gaske, doki ba ya ratsa ta, raƙumi kuwa ko kusa. Masu tarihi sun kawo labarin wani jirgi nasa da aka lulluɓe da tagulla, wanda aka ce matuƙa 50 ke tuƙa shi, da shi yake zagaya garuruwansa a lokacin cikar ruwa. Ka ƙiyasta wannan a ranka mai karatu: kai hakimi ne kana barci kana ganin ruwa ya raba ka da sarki sai kaka, da asuba sai ka ji kiɗa a mashaya. A wancan zamani saurin jirgi mulki ne, kuma matuƙin da hannunsa ya saɓa da na sauran ba kofi yake rasawa ba.

Nan ne kuma labarin ya shigo gidanmu, domin mu mutanen Gwandu da Kabawa mun daɗe ba ma shan inuwa ɗaya. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, a shekarar ce kuma Shehu ya zauna Gwandu. Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka ja da baya zuwa bakin fadama, daga bisani Argungu ta zama cibiyarsu. A 1849 Yakubu Nabame ya sake tayar da tutar Kabi, daga nan aka shiga kai-kawo na kusan shekara 50, in ban da ɗan sararin da aka samu na sulhun da ake kira Lafiyar Toga. A 1860 aka kashe Sarkin Gwandu Haliru. Zamanin Sarkin Kabi Sama'ila kuwa, wanda ya hau a 1883, garuruwan da ya ƙone na ɓangarenmu ba kaɗan ba ne, kuma da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu yaƙi a 1892 bai ji da daɗi ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, idan muka yi nisa da gida muna yara takan ce mu dawo kada Kabawa su kwashe mu, alhali ita kanta ba ta riski wannan zamani ba, gadon tsoron ta yi daga tata kakar. Na tabbata su ma can akwai kakannin da ke tsorata jikoki da sunanmu. Ni a ganina, ko da yake ba malamin tarihi ba ne, abin da ya hana dawakin Sakkwato da Gwandu gamawa da Argungu duk tsawon shekarun nan, bayan jaruntar mutanenta, shi ne wannan ruwa da suka sani kamar tafin hannunsu.

Turawa sun zo a 1902 da 1903 sun tsayar da yaƙin, amma tsayar da yaƙi daban, wanke zuciya daban. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu ziyarar zumunci, inda Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Da aka zo tunanin abin da za a nuna wa babban baƙo, sai Kabawa suka ɗauko abin da suka fi kowa iyawa. Dama suna da tsofaffin al'adunsu na gyaran ruwa da fashin ruwa, sai aka tara masunta aka yi gagarumin su a gabansa. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Mafi yawan mutane ranar ƙarshe suka sani, ranar da dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora suna neman giwan ruwa. Amma ni abin da ya kai ni shi ne kabanci, wato wasannin ruwa da ake yi kafin wannan rana, waɗanda sunansu ma ya gaya maka na wane ne. A ciki akwai kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa, da nutso, sannan ga tseren kwalekwale. An yi shekara goma ba a yi bikin ba bayan na 2009, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi, na kuwa kama hannun yaron nan muka tafi.

Wallahi mai karatu, na sha rubuta yadda zuciyar saurayi ke bugawa idan ya ga budurwa, amma ban san bugun zuciya ba sai da aka saki jiragen nan. Filafilai na shiga ruwa tare suna fita tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da su, makaɗa na zuba kirari, jama'a a bakin gaɓa kamar su faɗa ciki. Na lura jirgin da ya yi nasara ba shi ne mai ƙarta mafiya ƙwanji ba. Akwai wani da ya fita kamar kibiya, amma na bayansu ya kasa riƙe masa kai, sai ya dinga karkata dama da hagu, ya yi tafiya biyu a inda wasu suka yi ɗaya. Na waiwaya in yi wa yaron magana, sai na ga ya manta da wayarsa a aljihu.

Cutar korona ta rufe hanyoyi jim kaɗan bayan haka, sai da aka buɗe muka koma, wani abokina ya haɗa mu da wani dattijo masunci. Da ya ji daga inda muka fito sai ya kece da dariya.

"Mi ka kawo mutanen Gwandu bakin ruwa? Ai kakanninku ma nan sunka tsaya."

Na ce, "Baba, ai shi ya sa muka zo da sallama, ba mu zo da doki ba."

Ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗana, ka iya iyo?"

"Na iya Baba, a tafkin garinmu."

"Tabki kwance ya ke. Wanga ruwa tafiya shi kai."

Kwana uku na farko bai bar shi ya taɓa filafili ba. Iyo ya sa shi yi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, har sai da ya daina kokawa da shi ya koyi yanka shi a karkace. Sannan ya koya masa kwanciya a kan gora. Da aka sa shi cikin jirgi kuwa, ƙoƙo aka ba shi ya zauna a tsakiya yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako, jikokin dattijon da ba su kai shi tsawo ba su ne ke tuƙi. Yaron ya zo mini da dare ransa a ɓace, wai an mai da shi bara. Washegari na yi wa dattijon maganar cikin dabara, sai ya ce mini mai kwarfa shi ne ke fara sanin jirgi, domin yana zaune a cikinsa yana jin yadda yake karkata ta ɗuwawunsa, ranar da ya daina riƙe gefe da hannu ranar za a ba shi filafili a gaba. Zaman baya kuwa, inda ake juya kan jirgi, wannan sai an yi shekaru. Ya kuma sa su kifar da jirgin da gangan a wuri mara zurfi, su juyo da shi, su fid da ruwan, su hau ba tare da sun sake kifar da shi ba, suka yi ta maimaitawa har rana ta yi zafi.

Ni ma dai ban tsira ba. Na shiga jirgin ran nan don in samu abin rubutawa, aka ce kada in miƙe, na miƙe domin in ɗauki hoto. Ruwan iyakarsa ƙirjina, amma na sha ya kai kofi uku, hulata ta kama hanyar Birnin Kabi, ɗan littafin da nake rubuta bayanai ya koma kunu. Dattijon bai ko yi dariya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, an gaishe ka."

Ya kuma yi mini ƙorafin da na ji a bakin masunta da yawa, cewa ruwan yanzu ba kamar na ƙuruciyarsa ba ne, tun da aka datse gulabe a Bakolori da Goronyo cikar ta canza, ga yashi na cike mashigai. Samari kuma hankalinsu ya koma kan jirgin inji, wanda kowa ke iya ja wa igiya ya tashi.

A ƙarshen watan Mayu na 2021 wani jirgin inji da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, a nan jiharmu, waɗanda aka ceto a ranar ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar da labarin ya iso Dalijan, mahaifiyar yaron ta aiko a kira ni. Ta ce, "Yaya, ka san girmanka nake gani, amma ɗana ya gama zuwa ruwa." Ban musa mata ba, don ba ni da bakin musu. Sai da aka yi wata huɗu, ƙanena ya yi ta lallashi, sannan ta yarda bisa sharaɗin ba zai shiga jirgin inji ba, kuma ba zai taka jirgi ba sai da irin rigar da ta gani jikin 'ya'yan Turawan nan na cikin waya. Na sha yawo kafin in samo ta, kuɗinta ya kusa cinye abin da mai ɗab'i ya ba ni.

Da muka koma, jikokin dattijon suka yi ta tsokanarsa suna kiransa mai rigar lemo. Shi dai dattijon ya karɓi rigar ya jujjuya ta, ya matsa, ya jefa ta cikin ruwa ya ɗora mata dutse ya ga ta taso. A wannan zuwan ne aka ba yaron filafili, aka haɗa tsere tsakanin yaran unguwa, jirage huɗu, nasu ya zo na uku. Da za mu tafi dattijon ya rako mu har bakin hanya, ya ja ni gefe yadda yaran ba za su ji ba.

"Malam, rigag ga, nawa kas saye ta? Ina da jika ƙarami da ba shi jin magana."