Daga Tumatir zuwa Korona: Yadda Aka Gano Dunƙulen Matsi

A shekarar 1983, a garin Halle na Jamus ta Gabas, Lutz Nover da abokan aikinsa suna gasa wa ƙwayoyin halittar tumatir zafi don su ga yadda suke jurewa. Da suka duba da madubin ƙara girma, sai suka tarar da wasu ƙananan curi sun taru a cikin ƙwayoyin, waɗanda babu su kafin zafin. A lokacin babu wanda ya kawo maganar cuta ko garkuwar jiki. Magana ce ta tsiro da zafi kawai, kuma daga baya ma aka gane cewa curin tumatir ɗin ya sha bamban da wanda ake nazari a yau. Amma shi ya buɗe ido.

Sai a 1999 Nancy Kedersha da Paul Anderson, a asibitin Brigham da ke Boston ta Amurka, suka fayyace lamarin a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa. Kullum ƙwayar halitta cikin ƙera furotin take, tana bin saƙon da RNA ke ɗauko mata. Idan ta shiga uku, ko don zafi, ko guba, ko yunwa, sai ta taka wa aikin burki ta hanyar liƙa sinadarin fosfet a jikin wani furotin mai suna eIF2. Saƙonnin da suka tsaya sai su haɗu da wasu furotin irin su TIA-1 su cure wuri guda, kamar yadda ake kwashe shanya idan hadari ya haɗo. Wannan shi ne dunƙulen matsi. Ba shi da fata, kuma da zarar ƙunci ya wuce sai ya narke a koma bakin aiki. A 2003 masu bincike a Mompeliye ta Faransa suka nuna cewa wani furotin, G3BP, yana cikin jigogin haɗa shi.

Ina bairos ya shigo? Ba shi da masana'antar kansa, da ta ƙwayar da ya kama yake hayayyafa. Ɗaya daga cikin sinadarai huɗu da ke taka wancan burki, wato PKR, aikinsa jin ƙanshin RNA mai igiya biyu irin wanda bairos ke samarwa. Tun shekarun 1970 masu nazarin intaferon, wato ƙararrawar garkuwar jiki, suka san shi. Ke nan ƙwayar da ta daina aiki ta tsayar wa ɓarawon nasa aikin.

A ganina, hujja mafi ƙarfi daga abokan gaba ta fito. A 2005 aka ga bairos ɗin Dajin Semliki, wanda aka fara samu a Yuganda a 1942, yana barin dunƙulen ya haɗu na ɗan lokaci sannan ya wargaza shi. A 2007 ɗakin binciken Richard Lloyd a Houston ya nuna cewa bairos ɗin shan-inna, wanda Arewacin Najeriya ta daɗe tana fama da shi, yana da sinadarin da ke datse G3BP gida biyu. Na mura mai tsanani yana amfani da furotinsa NS1 ya toshe PKR tun kafin ƙwayar ta farga. Na korona, wanda ya bazu a duniya a 2020, furotinsa N ne ke riƙe G3BP. Waɗannan bairos ba dangin juna ba ne, amma kowanne ya nemi makami a kan abu ɗaya, kuma ba banza ba.

A 2012 tawagar Takashi Fujita a Kyoto ta ƙara gaba: ta ce a cikin dunƙulen ne masu gadi irin su RIG-I ke haɗuwa da RNA na bairos su buga ƙararrawar intaferon. Ra'ayin ya karɓu, har aka riƙa ɗaukar dunƙulen a matsayin sansanin yaƙi.

Sai dai abin bai tsaya a nan ba. Bairos ɗin cikungunya da na norobairos suna buƙatar G3BP ɗin nan don su hayayyafa, wato makamin ya koma hannunsu. A 2023 kuma ɗakin binciken Sun Hur a Harvard ya fito da akasin labarin Kyoto: ƙwayoyin da aka hana su haɗa dunƙulen, garkuwarsu ta wuce gona da iri har suka riƙa mutuwa. Bisa wannan, aikinsa sanyaya martani ne, ba hura shi ba. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, gwargwadon irin ƙwayar da irin bairos ɗin. Abin da ke ɗaure wa masana kai shi ne, cire G3BP yana rushe dunƙulen, amma yana kuma kawar da sauran ayyukan da furotin ɗin ke yi shi kaɗai, don haka da wuya a ce wanne ne ya jawo abin da aka gani.