Tundurmi: yadda garkuwar jiki ke sauya magudanan ruwan jiki

Ban da jijiyoyin jini, jikinka yana da wasu siraran magudanai da ke kwashe ruwan da ya tsatso cikin tsoka su mayar da shi cikin jini. Kaluluwar da kake ji a matsematsi idan ka yi rauni a ƙafa, tasha ce a kan wannan hanya.

Idan wuri ya kumbura, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj sukan taru su saki sinadarin VEGF-C, wanda aka gano a Helsinki a 1996. Shi ke sa magudanan su yi rassa su kuma buɗe, don ruwa ya samu mafita. Wasu ƙwayoyin, ƙwayoyin T, su ke taka wa girman burki. A ƙaramin rauni abin yakan daidaita cikin kwanaki.

A tundurmi ba ya daidaita. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda ke yawaita da damina a fadamun Shinkafi da Zurmi da bakin kogin Gagere a Kaura Namoda, shi ke ɗauko tsutsar. Tana zama cikin magudanan shekara 6 zuwa 8, a cikinta kuma akwai ƙwayar cuta mai suna Wolbachia da ke ta tsokanar makrofaj. Sai magudanan su buɗe fiye da kima, 'yan ƙofofin da ke hana ruwa komawa baya su daina rufewa, ruwa ya kwanta a ƙafa. A maza yakan taru a maraina, wato gwaiwa.

Abin da ya fi lalata ƙafar, kuma aka fi rainawa, shi ne faso da tsagewar tsakanin yatsu. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, sai zazzaɓi da zafin ƙafa, kowane tashi kuma yana barin tabo a magudanan har fata ta yi kauri. Sakiya da tsaga ƙara buɗe musu ƙofa suke yi.

Ka riƙa wanke ƙafar da sabulu kullum, ka tsane tsakanin yatsu, ka sa takalmi, ka ɗaga ta idan za ka kwanta. Idan rabon Mectizan da albendazole ya zo garinku, ka sha ko da lafiyarka ƙalau, domin tsutsar takan yi shekaru ba alama. Likita na iya rubuta doxycycline na mako 6 don kashe Wolbachia, amma ban da mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8. Gwaiwa kuwa tiyata ke gyara ta.