Daga Alkaki zuwa Burodi: Yadda Alkama Ta Shiga Tukunyar Dutsin-Ma

Idan likita ya gaya wa mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi cewa yana zargin cikinsa ba ya jituwa da alkama, abu na farko da kan zo masa shi ne murmushi. Nan ƙasar gero da dawa ce. Kokon safe na gero ne, furar rana ta gero ce, tuwon dare kuwa na dawa ko masara. Ta ina alkama za ta cutar da shi? Sai ya zauna ya lissafa abin da ya shiga bakinsa daga asuba zuwa isha'i, sannan murmushin yake gushewa. Ga burodin teburin mai shayi, ga taliyar rana, ga Indomie da yara suka saba da ita, ga fanke da cincin da biskit. Hatta ɗanwake, wanda sunansa ma ya faɗi asalinsa, a gidaje da yawa yau fulawa ce ta fi rinjaye a ƙullinsa.

Cutar da ake magana a kai ita ce wadda likitoci ke kira siliyak. A cikin alkama da sha'ir da wani ɗan'uwansu da ake nomawa a Turai akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, wanda shi ke sa ƙullin fulawa ya yi yauƙi, burodi ya tashi. A jikin wasu mutane, waɗanda suka gaji wasu ƙwayoyin halitta na musamman, garkuwar jiki takan ɗauki wannan sinadari tamkar abokin gaba. A garin faɗa da shi sai ta shafe ƙananan tsirai da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci. Mutum ya yi ta ci, jiki bai samu ba. Daga nan sai gudawa mai naci, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, kasala, da tsumburewa ga yara. Abu biyu ke haɗuwa kafin cutar ta bayyana: gado da alkama. Gadon yana nan tun kaka da kakanni. Alkamar ce ta sauya matsayi, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, domin daga Larabci aka aro shi, kamar yadda aka aro alkaki da gurasa. Ta zo ne tare da fataken da ke ratsa Sahara zuwa Katsina da Kano, kuma ta samu wurin zama a fadamu, inda ake shuka ta idan sanyin hunturu ya kama, a yi mata ban-ruwa da jigo, a girbe ta kafin zafin bazara ya tsananta. Noma ne mai wahala da ƙarancin yabanya, don haka ta zama abincin fada, na attajirai, da na ranakun farin ciki. Alkaki na gara ne, finkaso na baƙo mai daraja ko na sallah, taliyar hannu ta gidan da ke da hali. Talakan ƙauyukan Kurfi na iya shafe watanni bai ɗanɗana ta ba. Wanda ya gaji cutar a wancan zamani zai iya yin ciwon ciki bayan biki, a ce maiƙo ne ya yi masa yawa, ya koma wa tuwon dawarsa, magana ta wuce.

Burodi ne ya rushe wannan tsari, shi kuwa ta bakin teku ya shigo. A Legas aka fara gasa shi don sayarwa, a hannun waɗanda suka dawo daga Barazil da tsibiran Karebiyan. Wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford ya shahara da shi har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi. Jirgin ƙasa, barikin soja da makarantun kwana suka ɗauko shi zuwa Arewa. Amma babban juyi ya zo ne bayan samun 'yancin kai. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinansa na Apapa suka fara niƙa alkamar da jiragen ruwa ke saukewa, mafi yawanta daga Amurka. Cikin shekarun 1970 aka buɗe wani kamfanin niƙa a Kano. Kuɗin man fetur ya ƙarfafa naira, alkamar waje ta yi araha, birane suka cika da ma'aikata da leburori masu neman abin da za su ci a tsaye ba tare da an hura wuta ba. Zuwa farkon shekarun 1980 Nijeriya na shigo da fiye da tan miliyan 1 na alkama kowace shekara.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi a kan wannan al'amari a 1985, suka sa masa suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Hujjarsu ita ce ƙasar ta saba wa kanta da abincin da yanayinta ba zai iya samar da shi da araha ba, kuma ƙoƙarin noma shi a gida ya ci kuɗi fiye da abin da ya haifar. Suna nufin manyan madatsun ruwa na wancan zamani: Tiga a Kano, Bakolori a kan kogin Sakkwato, da aikin ban-ruwa na kudancin tafkin Cadi, waɗanda aka gina da fatan su ciyar da gidajen burodi. Madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa, 'yar wannan zamani ce. An kammala ta a 1983 da nufin ban-ruwa ga kadada kusan 8,000 da kuma samar da ruwan sha, sai dai ruwanta ya daɗe a kwance. Aikin ruwan shan ma sai a 2021 aka ƙaddamar da shi. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Fulawa ta ci gaba da shigowa ta kan iyaka a ɓoye, farashin burodi ya tashi, a 1992 aka janye dokar. Baki ya riga ya saba. Yau abin da ake shigowa da shi ya ninka na wancan lokaci sau da yawa, abin da ake nomawa a gida kuwa ɗan kaɗan ne daga cikinsa.

Dutsin-Ma ta ga nata kason. Gari ne na makarantu: ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Duk inda ɗalibai suka taru kuwa, mai shayi da mai Indomie ba sa nisa. Cikin tsawon rayuwar mutum guda, abin da kakarsa ke gani ranar biki ya zama karin kumallon jikokinta.

Su ma Turawa, da suka daɗe da burodi, sun ɗauki ƙarnoni kafin su gano mai laifin. Wani likitan Girka mai suna Aretayus ya siffanta cutar kusan shekara 2,000 da suka wuce, daga kalmarsa ta ciki ne ma sunan ya samo asali. A 1888 Samuel Gee, likitan yara a Landan, ya rubuta bayaninta dalla-dalla, ya kuma hango cewa maganinta na cikin abinci. Abin tausayi, cikin abin da ya yarje wa marasa lafiyarsa har da gasasshen burodi. A 1924 Sidney Haas na birnin New York ya fito da tsarin ciyar da yara ayaba mai yawa. Yaran suka samu sauƙi, aka yi ta yabon ayaba, alhali sirrin shi ne an janye musu hatsi.

Yunwa ce ta warware zancen. Willem Dicke, likitan yara a birnin Hague na ƙasar Holan, ya daɗe yana zargin alkama tun shekarun 1930. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abinci ya yanke a yammacin ƙasar, burodi ya ɓace. Jama'a na mutuwa da yunwa, amma yaran da ke ɗauke da wannan cuta sai suka fara murmurewa. Da agaji ya iso aka koma cin burodi, ciwonsu ya dawo. A 1950 Dicke ya gabatar da kundin bincikensa a Utrecht, ba da jimawa ba kuma aka tabbatar cewa gulutin ne sinadarin da ke ɓarnar.

An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin ta fararen fata, har sai da wani bincike daga Sahara ya girgiza wannan zato. Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, makiyaya ne da suka dogara da nonon raƙumi da nama da ɗan hatsi kaɗan. Rikicin da ya ɓarke a 1975 ya kora dubbansu zuwa sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, inda garin alkama na agaji ya zama abincin yau da kullum. A 1999 likitan Italiya Carlo Catassi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin jinin yaransu kusan 1,000: kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da alamar cutar, alhali a duniya baki ɗaya abin bai wuce kusan kashi 1 ba. A ɗaya gefen kuma, wani bincike da aka yi a Burkina Faso a farkon shekarun 2000 bai samu mai cutar ko ɗaya ba cikin ɗaruruwan da aka gwada, duk da suna cin alkama. Darasin da ke tsakanin binciken biyu shi ne launin fata ba ya yanke hukunci. Gado ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, kuma inda yake kwance, sauyin abinci ne ke tashe shi.

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin alamomin cutar sun yi kama da na wasu cututtuka da suka fi ta yawa nesa ba kusa ba a wannan yanki. Yaron da ke gudawa yana ramewa a Kurfi, mafi kusa shi ne tamowa, ko tsutsar ciki, ko gurɓataccen ruwa, kuma waɗannan ma suna iya lalata bangon hanji. Zargin siliyak na ƙarfafa ne idan an yi maganin waɗannan an gyara abinci amma ciwon ya ƙi tafiya, ko ƙarancin jini ya ƙi jin ƙwayar ƙarin jini, ko akwai mai cutar a cikin dangi na kusa, domin kusan 1 cikin 10 na iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita su ma sukan kamu. Masu ciwon sukari irin wanda ke kama yara su ma sun fi saura haɗari, abin lura a ƙasar da tuwon alkama ya zama abin da ake fara ba mai sukari shawarar ci.

Wanda aka tabbatar masa da cutar a Dutsin-Ma ya fi takwaransa na Landan sa'a ta fuska guda: ba ya buƙatar kanti na musamman mai tsada. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, dankali, doya da gyaɗa duk babu gulutin a cikinsu, kuma duk suna zube a kasuwar Laraba. Fura, kunun tsamiya, dambu, tuwon shinkafa, ƙosai, alala da nakiya abincin gida ne da ba sai an koya wa kowa dafa su ba. Wahalar tana cikin abin da ido ba ya gani. Injin niƙa na unguwa da ya gama niƙa alkamar wani gida sannan aka zuba masa dawa, ya riga ya gauraya su. Man da aka soya fanke a cikinsa ba zai yi wa ƙosai ba. Wasu masu waina kan ƙara fulawa don ƙulli ya kama. Semovita da kuskus na leda daga alkama ake yin su duk da ba su yi kama da burodi ba, burodin rogo da gwamnati ta yi ta tallatawa a 2012 ma mafi yawansa fulawar alkama ce. Lemon malt da dunƙulen miya sai an karanta abin da ke rubuce a jikinsu. Daddawa kuwa ba ta da wannan matsala. Ma'aunin da duniya ta amince da shi na abincin da za a kira marar gulutin shi ne kada ya wuce kashi 20 cikin miliyan, wato ɓurɓushin da ya maƙale a rariya ko muciya ya isa ya ɓata lissafi.

Akwai kuma nauyin da ba na hanji ba. A al'adar da mayar da kwano ba a taɓa ba ke iya zama raini, amarya da ta ƙi alkakin gararta, ko baƙon da ya ture gurasar mai masaukinsa, sai sun yi dogon bayani. Sau da yawa ma za a ce musu ai ɗan kaɗan ba ya komai. Ga mai wannan cuta yana yin komai, ko da bai ji ciwo nan take ba, domin ɓarnar na ci gaba a ɓoye, ta kai ga raunin ƙashi da matsalar haihuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya karanta labarin cutar a waya, ya daina cin alkama da kansa, sannan ya tafi asibiti. Gwajin jinin yana neman alamar faɗan da garkuwar jiki ke yi ne da gulutin, ɗan yankin hanjin da ake ɗebowa da na'urar leƙa ciki kuma yana nuna ɓarnar da faɗan ya bari. Idan an janye alkama na makonni, alamar takan ragu, hanji ya fara gyaruwa, sakamako ya fito kamar lafiya lau. Daga nan ko dai likita ya sa mutum ya koma cin abin da ke wahalar da shi na tsawon makonni kafin a sake gwaji, ko ya zauna cikin shakka har abada. Ga wanda zai biya kuɗin mota daga Kurfi zuwa babban asibiti a Katsina, ko Kano, ko Shika ta Zariya, tafiyar da za ta yi amfani ita ce wadda aka yi tun burodi bai bar teburinsa ba.