Asalin Kalma: Ɗan Daudu

Daudu laƙabin sarauta ne da ake yi wa Galadima kirari da shi. A bori kuma, ana kiran iskan nan Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta, da suna Daudu. Daga nan masana da dama ke ganin sunan 'yan daudu ya samo asali: maza masu kwaikwayon mata a magana da tafiya, gwanayen habaici, masu sayar da abinci a kasuwanni da tashoshin mota. Neman kuɗi da aikin hajji sun kai wasunsu har Jidda. Kalmar tana nuni ga ɗabi'a da sana'a ne. Masu neman maza kuwa kan kira junansu "masu harka". 'Yan daudu da yawa magidanta ne masu 'ya'ya.