Maikin Kwatarkwashi Da Tarihin Ƙidayar Namun Dawa A Ƙasarmu

Duk matafiyin da ya tashi daga Gusau ya nufi Tsafe, ba ya rasa ganin dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Iyaye da kakanni sun san wannan dutse da maiki, wato wannan babbar ungulu da aka fi kira mikiya, har ma garin ya yi suna da bikin kamun maiki, inda samari masu ƙarfin hali ke hawan dutse don nuna jarunta. To amma da za a tambaye mu, mu 'yan ƙasa, maiki nawa ne ke kwana a dutsen nan shekaru hamsin da suka wuce, da wuya a samu mai amsawa. Mun gaji labari, ba mu gaji lissafi ba.

Abin da aka rubuta a kan haka, baƙi ne suka rubuta. A farkon shekarun 1970 wani Bature mai suna Peter Mundy, wanda ke koyarwa a Sakkwato, ya duƙufa nazarin ungulayen garin tare da abokinsa A. W. Cook. Su biyun ne kuma suka wallafa bayani a kan maikin Kwatarkwashi a mujallar Malimbus a 1980, dutsen ya shiga littattafan masana tsuntsaye a matsayin wurin da maiki ke sheƙa a Nijeriya. Malamin makaranta ne kamar mu, jarinsa kuwa bai wuce tabarau mai hangen nesa da littafin rubutu da haƙuri ba.

Shi wannan tsuntsu ba ƙaramin abin al'ajabi ba ne. A 1973 wani maiki ya yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan, a tsayin da ya kai mita 11,300. Ƙwai ɗaya tak macen ke sakawa a shekara, saboda haka idan aka yi masu ɓarna, ba sa saurin farfaɗowa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya maiki da ungulun mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da cinikin sassan jikinsu don magani da tsibbu, su ne manyan dalilai. Wanda ya san mahautanmu a da, ya san yadda ungulu ta yi wuyar gani a yau.

Idan muka juya daga dutse zuwa daji, tarihin ya ɗan fi tsawo. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun namun daji na ƙasa. Wannan daji ya yi iyaka da namu na Kuyambana, ta ɓangaren Ɗansadau, kuma an san yankin da giwa da gwanki da kanki da gada da mugun dawa. Dabba ba ta san iyakar jiha ba, shi ya sa masana ke kallon dazuzzukan biyu tamkar gida guda. Can yamma kuwa, an kafa kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a Sabuwar Busa a 1978, daura da gandun Tafkin Kainji, domin ɗalibi ya karanta a aji, ya fita daji ya gani da idonsa.

Ko mene ne aikin ɗalibi a daji? Yakan yi sammako ya bi wani layi da aka auna tsawonsa, yana rubuta duk dabbar da ya gani, da sawu, da kashi, da alamar gobara ko saran itace ko tarkon mafarauta. Idan tsuntsayen dutse ne, sai ya ƙirga sheƙa. Baɗi wani ɗalibin ya sake bin layin nan a daidai wannan lokaci. Ƙidayar shekara ɗaya ba ta faɗin komai, sai an jera ta goma ko ashirin kafin a gane ko garke na ƙaruwa ne ko yana ƙarewa. Wannan shi ya sa yankewar aikin ke da ciwo.

Aikin kuwa ya yanke. Tun da 'yan bindiga suka mai da Kamuku da Kuyambana maɓoyarsu, shiga da ɗalibai ya zama sai da rai. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna. Wane malami ne zai ɗebi 'ya'yan mutane ya shiga daji bayan wannan? Asarar rayuka da dukiya ita ce babba, amma akwai wata asarar da ba a faɗa: shekarun da shafukansu za su zauna fari fat a tarihin dazuzzukanmu.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda 'yan sa kai ke aika sunayen tsuntsayen da suka gani a unguwanninsu. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013. Kafin daji ya lafa, ɗalibanmu na iya ƙirga ungulu a mahauta, da shamuwa a farkon damina, da belbela a bakin kogi.

Mu ma marubuta muna da namu kason. Tsofaffin mafarautan Tsafe da Bunguɗu da suka san mashayar gwanki, da dattawan da suka hau dutse kamun maiki, kullum raguwa suke yi. Mu je mu zauna da su, mu rubuta suna da wuri da shekara. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su tarar da maiki a karin magana kawai, su tambayi dutse, dutse kuwa ba ya magana.