Tarihin garka a ƙasarmu

Kaka ta yi, an yanke hatsi, an zuba a rumbu. Yau za mu duba tarihin garka, wadda waɗansu ke kira lambu, don mu san abin da ya sa ake fara aikinta a wannan lokaci.

Garka ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin kakanni, mata suna shuka kuɓewa da yakuwa da kabewa a bayan ɗaki, su shanya don miyar rani. A inda ruwa ke kusa, kamar gulbin Maraɗi, da Majiya a jihar Tawa, da Miriya kusa da Damagaram, maza suna gina rijiya, su ɗebo ruwa da guga ko da jigo, su shuka albasa da alkama da taba. Amma masu wannan sana'a ba su da yawa. Galibin manoma, in kaka ta wuce, sai su rataye hauya, samari su tafi cin rani.

Kayan garkar ma kowane da asalinsa. Kuɓewa ta Afirka ce. Albasa daga Asiya ta fito. Tumatir da barkono kuwa daga nahiyar Amurka suke, Turawa suka yaɗa su cikin duniya bayan shekarar 1492. Salati da shu sun bazu a biranenmu zamanin mulkin Faransa.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne yunwa. An yi babban fari a 1973, dabbobi suka mutu, mutane suka watse. A 1984 damina ta sake ɓaci, rumbuna suka zama wayam. Shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, ya yi kira ga jama'a su kama noman rani, kada su zauna jiran taimakon waje. Aka gina rijiyoyi, aka raba iri, aka yanka filaye a fadamu da bakin tafkuna. Mutanen da ba su taɓa riƙe bokitin ban ruwa ba suka koya. Garka ba ta maye gurbin hatsi ba, amma ta riƙe gidaje da yawa: an ci ganye, an sayar da saura, an awo tsaba. Magidanta da dama sun zauna garinsu, ba su yi gudun yunwa ba.

Tun daga nan noman rani ya kafu. Albasar Galmi, garin da ke tsakanin Ƙwanni da Madawa, ta yi suna har Gana da Kodibuwa.

To, me ya sa kaka? Domin a lokacin ƙasa tana da sauran laima, ruwan rijiya bai yi nisa ba, kuma sanyi yana tafe. Salati da shu da tumatir suna son ɗari, zafin bazara yana ƙone su. Wanda ya yafa iri a Oktoba, ya dasa a Nuwamba, zai fara tsinkar salati kafin wata 2, tumatir wajen wata 3. Albasa tana ɗaukar wajen wata 4 bayan dashe. Wanda ya makara sai ya sha wahalar ban ruwa, amfani kaɗan.

Ba sai kana da fadama ba. Fangali 2 ko 3 a bayan gida sun isa farawa. A yi shinge da kara ko ƙaya saboda awaki, a zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe, a ba da ruwa safe da marece.

Mutanen 1984 sun koyi wannan aiki cikin wuya, da yunwa a ciki. Mu da muka samu hatsi a rumbu, mu kama shi tun da sauran ƙarfi. Allah ya ba mu sa'a, amin.